Kwamfaila ya ƙi karɓar metod ɗina, a taimaka

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Java muke yi wannan zangon. Na buɗe kilas mai suna Dalibi, a ciki na rubuta `public dalibi(String suna)`, sai javac, wato kwamfailan da ke duba rubutun Java ya fassara shi, ya ce mini "invalid method declaration; return type required". Jibi za a karɓi aikin. Me yake nufi? Kuma wace manhaja zan sauke, don Notepad ya ishe ni.

Na Kawo: Wa alaikumus salam. Sa void bayan public, shi ke nan.

Injiniya Barnawa: A'a Na Kawo, kada ka jefa yaro a rami. Ƙanena, duba baƙin farko. Kilas ɗinka da babban D yake, kai kuma ka rubuta da ƙarami, Java kuwa ba ta ɗaukar su abu ɗaya. Abin da kake son rubutawa kwanstirakta ne, wanda ke gina sabon ɗalibi, kuma dole sunansa ya zo daidai da na kilas, baƙi da baƙi. Da bai zo daidai ba sai kwamfaila ya ɗauka metod ce kawai, ita kuma metod dole a faɗi irin abin da za ta dawo da shi kafin sunanta: int, ko String, ko void in ba ta dawo da komai. Wannan yake nema. In ka sa void jan rubutun zai ɓace a layin, amma da ka zo kan `new Dalibi("Musa")` zai sake tare ka, don har yanzu babu kwanstiraktan da ke karɓar suna. Mayar da d babba kawai.

Ɗan Rigasa: Allah Ya saka da alheri Yaya, ya wuce. Amma na ƙara wata metod, yanzu kurakurai ne reras sun cika allo.

Anti Malali: Kada yawansu ya tsorata ka. Karanta na farko kaɗai, gyara shi, sake gudanar da javac. Baka mai lanƙwasa, wato }, guda ɗaya da ka rufe da wuri tana iya haifar da goma, sauran duk 'ya'yanta ne. Lambar da ke bayan sunan fayil ita ce layin, ga kuma ɗan tsinin nan ^ a ƙasa yana nuna inda ya tsaya. In ka ga "class, interface, or enum expected", yawanci ka rufe kilas ne kafin lokaci, metod ɗin ta faɗa waje. In "reached end of file while parsing" ne, bakar rufewa ce ta yi ƙaranci. Shi kuwa "';' expected", waƙafi mai ruwa ne ka manta.

Na Kawo: Duk wannan wahalar ta mene? Ya sauke manhajar IntelliJ IDEA, tun yana bugawa zai ja masa jan layi.

Anti Malali: Ka tambayi kwamfutarsa tukuna?

Ɗan Rigasa: Ram ɗinta 4GB ne, batirin ma ba ya jimawa in an ɗauke wuta.

Anti Malali: To IntelliJ zai sa ta nishi. BlueJ nake ba masu farawa, don koyarwa aka yi shi, ba shi da nauyi, kuma kana iya danna metod ka gwada ta ita kaɗai ba sai ka rubuta main, wato metod ɗin da shirin ke farawa da ita, ba. In waya ce a hannunka, JDoodle ko OnlineGDB suna gudanar da Java a burauza, sai dai da data.

Injiniya Barnawa: BlueJ ɗin na yarda. Amma ni da zai ƙara sati biyu da javac tsurarsa. Ranar jarrabawa a takarda babu jan layi. Wanda ya saba manhaja tana gyara masa, ko ya kwashi kuskure ya zuba wa ChatGPT bai karanta ba, ba zai iya gaya maka bambancin "cannot find symbol" da "missing return statement" ba. Na farko, ka kira sunan da kwamfaila bai sani ba, ko kuskuren rubutu ko ka manta import. Na biyu, ka ce za ka dawo da int amma akwai hanyar da metod ke ƙarewa babu return, galibi cikin if marar else.

Na Kawo: Ai tun Java 25 da ta fito a Satumba 2025 ana iya rubuta `void main()` kawai, babu static babu komai.

Injiniya Barnawa: Haka ne, amma ya buga `javac -version` ya ga wadda ke kansa, ya kuma tambayi wadda malaminsu zai duba aikin da ita. A Java 17 ko 8 ba zai yi ba.

Ɗan Rigasa: 17 ce. Anti, bakar mai lanƙwasa ce kuwa, na gyara. Saura ɗaya: "non-static method cannot be referenced from a static context".

Anti Malali: Daga cikin main ka kira ta kai tsaye ko? Main static ce, wato ta kilas ɗin ce gaba ɗaya, ba ta san wane ɗalibi kake nufi ba. Gina shi da new, ka ba shi suna, sannan ka kira metod ɗin ta kansa. Turo layin mu gani.