Ƙawance ne ko haɗaka?

Sabon Mai Fassara: Assalamu alaikum. Jiya ina fassara wani labari na jam'iyyu uku da suka amince su mara wa ɗan takara ɗaya baya, na rubuta "sun ƙulla ƙawance". Editanmu ya soke, ya sa "sun yi haɗaka". Na ja bakina na yi shiru tunda shi ne babba, amma abin ya tsaya min a rai. Don Allah mene ne bambancinsu?

Tsohon Ɗan Jarida: Wa alaikumus salam ɗana. Taka ta fi zama daidai. A ƙawance kowa yana nan da sunansa da tutarsa, tafiya ce kawai aka haɗa. A zaɓen 1964 jam'iyyar NEPU tana cikin ƙawancen UPGA tare da NCNC da AG, amma ba ta ajiye alamarta ta tauraro ba, haka NPC ta shiga ƙawancen NNA riƙe da alamarta ta fartanya. A 1999 ma AD da APP sun tsayar da Olu Falae takarar shugaban ƙasa tare, bayan zaɓe kowa ya kama gabansa. In kuwa jam'iyyu suka narke suka zama ɗaya, 'yan siyasa maja suke cewa, kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka dunƙule suka zama APC a 2013.

Uwar Ɗaki: Baba, a yi min afuwa, amma editan ma bai yi ɓaranɓarama ba. Haɗaka kalma ce mai faɗin baki, na sha jin ta a rediyo ana nufin maja, na kuma ji ta ana nufin ƙawance. Shi ya sa nake gudun ta. Abin da ke ba ni dariya, mu mata ke da ƙawa, maza aboki gare su, amma da an zo siyasa ba mai cewa jam'iyyu sun ƙulla abota. Sun ara sun yafa!

Tsohon Ɗan Jarida: Haka ne 'yata. Kai kuma ɗana, ka kiyaye da tarayya, ita ta ƙasashe ce ko jihohi masu hukuma ɗaya a sama: Tarayyar Turai, Tarayyar Afirka, Tarayyar Najeriya. In jam'iyyu suka raba muƙamai bayan zaɓe, wannan gwamnatin haɗin gwiwa ce, wasu su ce ta gamin gambiza.

Sabon Mai Fassara: Na gode Baba, na gode Hajiya. Gobe zan lallaɓa in nuna masa misalin Falae, in na ga fuskarsa a sake.