Neman shawara kan saka modul ɗin faiba a suwic

Auwalu: Assalamu alaikum, 'yan uwa. An ɗora mini aikin haɗa gine-gine biyu na wurin aikinmu, kuma tazarar da ke tsakaninsu, idan aka bi hanyar da kebul yake bi, ta kai mita 380, alhali kebul ɗin tagulla ba ya wuce mita 100. Suwic ɗinmu, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu a hanyar sadarwa, yana da gurbi ɗaya da aka toshe da marfin ƙarfe, wanda nake so in saka masa modul ɗin faiba mai kafa huɗu, wato katin da ke ƙara wa suwic kafofin kebul ɗin da ke ɗaukar bayanai da haske. Akwai kuma wani tsohon kebul ɗin faiba mai riga ruwan lemo da aka binne tsakanin gine-ginen tun kafin in zo. Burina in samu gudun gigabit 10. Waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su taimaka mini da abin da ya kamata in saya, da yadda zan saka shi.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Malam Auwalu. Kada ka sayi komai tukuna, domin kebul ɗin da ke cikin ƙasa ne zai faɗa maka abin da za ka saya. Riga ruwan lemo alama ce ta faiba mai hanyoyin haske da yawa, ko dai OM1 ko OM2, kuma bambancinsu babba ne a wannan tazara taka. Ka ɗauki tocila ka je inda kebul ɗin ya fito daga bango, ka share ƙurar da ke jikinsa, ka karanta ƙananan rubutun da aka buga. Idan ka ga 62.5/125, OM1 ke nan, kuma ko a gudun gigabit ɗaya, da na'urar 1000BASE-SX, wato ƙaramar na'urar da ke aika haske ta kuma karɓe shi a bakin kebul, iyakarsa mita 275, wato ba zai kai ka ba. Idan kuwa 50/125 ka gani, OM2 ne, wanda yake ɗaukar gigabit ɗaya har mita 550 da na'urar 1000BASE-SX. Amma gigabit 10 da kake buri, na'urar 10GBASE-SR ba ta wuce mita 33 a kan OM1, ba ta kuma wuce mita 82 a kan OM2.

Malama Hadiza: Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Ni dai da ni ce, zan roƙi a ja sabon kebul mai hanya ɗaya, wato mai riga rawaya da ake kira OS2, in saka 10GBASE-LR, wadda take aiki da haske mai tsawon zango nanomita 1310 kuma take kaiwa kilomita 10. Mafi yawan wahalar aikin tana wajen tono da ja da haɗa bakunan, don haka idan za a yi ta, gara a yi ta sau ɗaya a kan kebul ɗin da zai ɗauki duk gudun da za a buƙata nan gaba.

Injiniya Bala: Ban ƙi ba, Malama, sai dai ba kowace hukuma ke yarda da sabon tono ba matuƙar akwai kebul mai aiki a ƙasa. Shawarata ita ce ya sayi modul mai kafofin SFP+, wato ramukan da ake cusa ƙananan na'urorin hasken a ciki, waɗanda takardar kamfanin ta tabbatar suna karɓar na'urar gigabit ɗaya ma. Yau ya yi aiki da SX a kan tsohon kebul, ranar da aka ja sabo kuma sai ya canza ƙananan na'urorin kawai, modul ɗin yana nan a wurinsa.

Auwalu: Na je na duba, 50/125 aka rubuta. Zan bi shawarar Injiniya a yanzu, in kuma rubuta ta Malama a cikin bukatun shekara mai zuwa. Saura yadda ake sakawa. Dole ne in kashe suwic ɗin?

Malam Ɗanjuma: Wannan ya danganta da samfurin suwic ɗinka, kuma littafinsa ne kawai zai raba gardama. Ƙananan na'urorin SFP an ƙera su ne domin a cusa su ko a zare su wuta na kunne. Shi modul ɗin kansa kuwa, wasu suwic suna yarda da hakan, misali Catalyst 9300 na Cisco, wasu kuma sai an kashe su. Ko da naka ya yarda, ka fara adana kwafin saitin suwic ɗin a wani wuri dabam, ka kuma duba ko manhajar da ke kansa ta san wannan modul, domin tsohuwar manhaja takan ƙi gane sabon kaya.

Wajen sakawa, ka ɗaura maɗaurin hannu na kawar da cajin jiki, ka maƙala ɗaya bakinsa a ƙarfen akwatin, ka riƙe modul ɗin ta gefuna ba tare da yatsanka ya taɓa haƙoran zinariya da ke bayansa ba. Ka kwance marfin gurbin ka ajiye shi, kada ka yar, domin duk ranar da aka cire modul dole a mayar da marfin, in ba haka ba iskar fanka za ta riƙa fita ta ramin maimakon ta bi ta kan kayan da take sanyayawa. Ka daidaita modul ɗin a kan layin gurbin ka tura a hankali. Za ka ji ya ɗan tsaya kafin ƙarshe, nan ne haƙoran suke shiga mazauninsu, sai ka danna da manyan yatsu biyu daidai wa daida har fuskarsa ta yi daidai da ta suwic. Idan ya cije tun da wuri, ka zaro ka sake daidaitawa, kada ka yi masa ƙarfi, domin fil ɗaya da ya lanƙwashe a ciki yana iya jawo a canza suwic ɗin gaba ɗaya. Sukurorin kuma a ɗaure su daidai gwargwado.

Nura: Ranka ya daɗe Malam Ɗanjuma, ina so in ƙara wani abu da ya taɓa cin mini kwana biyu. Na sayi na'urorin SFP a wurin wani dillali da ya tabbatar mini za su yi aiki da kowane suwic, amma ina cusa su sai suwic ɗin ya rufe kafar ya ce bai san su ba. Ashe kowace na'ura tana ɗauke da bayanin maƙerinta a cikinta, kuma wasu suwic suna karanta shi su ƙi abin da ba nasu ba. Don haka, Malam Auwalu, ka ba mai sayarwa cikakkiyar lambar samfurin suwic ɗinka, ka kuma sa ya rubuta maka cewa zai karɓi kayansa idan ba su yi ba. Sannan na'urorin bakin biyu su zama iri ɗaya, SX da SX, domin na'urar haske ta gigabit ɗaya da ta gigabit 10 ba sa sasanta gudu a tsakaninsu yadda kafofin tagulla suke yi.

Malama Hadiza: Tunda an zo kan haɗawa, bari in tsaya a kan tsafta, domin a iya abin da na gani, ita ce ta fi kawo matsala, kuma ita aka fi rainawa. Zuciyar faibarka faɗinta mikiron 50 ne kacal, ba ta kai kaurin gashin kai na yawancin mutane ba, saboda haka ɗigon maiƙon yatsa ko ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare haske. Kada ka cire murfin roba daga bakin kebul ko daga na'urar sai lokacin da za ka haɗa. Ka sayi alƙalamin goge baki na LC (irin bakin kebul da na'urar SFP ke karɓa), wanda ake dannawa sau ɗaya ya yi ƙas, ka goge kowane baki, har da na sabon kebul da ka ciro daga leda. Tsofaffin bakunan da suka yi shekaru a bango sun fi bukatar haka, kuma idan ka samu madubin duba faiba ka duba kafin da bayan gogewa. Kada a busa da baki, kada a goga a jikin riga.

Abu na biyu ya shafi idonka. Hasken na'urar SX, mai nanomita 850, yawancinsa ido ba ya ganinsa, na LR kuwa ba a ganinsa sam, saboda haka ido ba ya ƙiftawa don ya kare kansa. Kada ka leƙa bakin na'ura ko na kebul don ka ga ko akwai haske.

Injiniya Bala: Ka kuma duba irin bakin da ke kan tsohon allon haɗin, domin na zamanin da galibi SC ne mai kusurwa huɗu ko ST mai murɗawa, ita kuwa SFP bakin LC take karɓa, don haka za ka bukaci gajeren kebul mai baki iri biyu, shi ma 50/125. Idan ka haɗa fitilar kafar ba ta kama ba, ka fara da musanya zaren faiba biyu na kebul ɗin, mai aikawa da mai karɓa, a baki ɗaya kawai, domin mai aikawa na wannan gefe dole ya faɗa kan mai karɓa na wancan gefe. Kada kuma ka naɗe ragowar kebul ɗin ƙanƙane ko ka matse shi da maɗaurin roba. Ka bar shi da'ira mai faɗin tafin hannu.

Auwalu: Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na saka modul ɗin jiya da dare, suwic ya gane shi nan take, amma fitila ba ta kama ba sai da na musanya zaren kamar yadda Injiniya ya ce. Sai dai da na duba ƙarfin hasken da ake karɓa, gefe ɗaya ya nuna -7.9 dBm (ma'aunin ƙarfin haske), ɗayan kuma -15.6, wato ya fi rauni. Shin in bar shi haka tunda yana aiki?

Malama Hadiza: Kada ka bar shi, Malam Auwalu. Na'urar SX tana daina ji a wajen -17 dBm, kai kuwa ka kusa kai wa nan, kuma bambanci mai yawa haka tsakanin zare biyu masu tsawo ɗaya yana nuna datti ko lanƙwasa a kan ɗayansu. Ka bi zaren da ke kai haske gefen mai rauni, ka goge duk bakunansa har da na allon haɗin da ke bango, ka duba bayan akwatin ko ƙofa ta danne shi, sannan ka sake aunawa ka rubuta lambobin biyu a takarda ka manna a cikin ƙofar akwatin tare da kwanan wata.