Sautin lasifika ya ƙi ƙaruwa a MATE

Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka mini. Na ɗora Debian 12 (wani nau'in Linux) da MATE (manhajar fuskar kwamfuta) a wata tsohuwar kwamfuta, komai lafiya lau, sai sauti. Ko na ja alamar lasifika zuwa 100, kamar raɗa yake fita. Da na buɗe alsamixer (manhajar saita ƙarfin sauti) na tarar ma'aunan Master da PCM a cike, babu MM (alamar an kashe sauti) a ƙarƙashinsu, ma'aunin Speaker ne kawai a ƙasa. In na ɗaga shi sai ya gyaru, amma ina sake kunna kwamfutar ya koma gidan jiya. Na gwada alsactl store (umarnin adana saitin sauti) har sau biyu, shiru. PulseAudio (manhajar da ke kula da sauti) ne ke mayar da shi, ko ni ne nake kuskure?