Hannu da yawa maganin ƙazamar miya: miyar gyaruwa take yi ko ƙarewa?

Mai Shagon Buga Takardu: Salamu alaikum 'yan zaure. Ɗan wana yana cikin masu aikin sa kai da ke sake rubuta shafukan taimako na LibreOffice, manhajar aikin ofis ta kyauta, waɗanda ke buɗewa in ka danna maɓallin F1. Ya ce aikinsu hannu da yawa ne maganin ƙazamar miya. Na ce masa ai ya zagi aikin da bakinsa. Ku raba mu.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ba zagi ba ne, Alhaji, sai dai karin maganar ba ta ce miyar ta yi daɗi ba. Kwano ne aka ajiye, miya ba ta yi ba, amma da yake maciya suna da yawa, wannan ya kai loma wancan ya kai, kafin a ankara an suɗe. Maganinta shi ne ta ƙare ba tare da mutum ɗaya ya sha wuyarta shi kaɗai ba. In haɗin kai kawai yaron ke nufi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ya fi dacewa.

Ɗan Auta: Malam, ni ne yaron, kuma da gangan na zaɓe ta. Jinka ai da murna ake ɗaga ta, wannan aikin kuwa gudunsa ake yi. Shafukan gado ne: tushensu StarOffice na Jamus, wanda kamfanin Sun ya saya a 1999 ya buɗe shi a 2000 da sunan OpenOffice.org, sannan LibreOffice ya ɓalle a 2010. Sai ka tarar shafi yana cewa ka shiga menu kaza ka danna kaza, alhali an daɗe da ɗauke maɓallin daga wurin. Ga shi a fayilolin XHP ake rubutawa, wani nau'in XML, jimla guda tana tsakanin alamomi birjik. Mai rubuta manhaja ya fi son ƙirƙiro sabon abu, wa zai zauna yana bin shafukan Calc, sashen lissafi na manhajar, ɗaya bayan ɗaya? Sai dai kowa ya ɗauki kaɗan.

Hajiya Mai Fassara: Ƙanina, ka faɗi naka, ka bar namu. Duk jimlar Turancin da ka taɓa, ko waƙafi ka matsar, a Weblate, shafin da muke fassara a kai, sai fassararta ta koma tana jiran a sake dubawa, kuma a kowane harshe, ba ɗaya ba. Kai ka gyara shafi da yamma ka yi barcinka, mai fassara a Brazil da na Japan su wayi gari da sabon aiki. To a nan hannu da yawa rage miyar yake yi ko ƙara ta?

Ɗan Auta: Gaskiyarki, Anti. Shi ya sa gyara ba ya shiga kai tsaye, sai ya bi ta Gerrit, shafin tantance gyare-gyare, wani ya duba ya amince. Kuma da yake sau biyu ake fitar da sabon LibreOffice a shekara, Fabrairu da Agusta, in lokaci ya matso akan hana taɓa rubutun don masu fassara su kammala.

Mai Shagon Buga Takardu: Shi wanda aka yi wa jan biro a shafinsa fa, ba ya fushi? Kyauta fa yake yi. Sai a ce masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Malamin Hausa: A nan kam ban yarda ba, Alhaji. Ana faɗin wannan ne ga mai kaya da ke zargin mai ba shi shawara da kwaɗayin kayan. Shi kuwa wannan, tun ranar da ya miƙa rubutunsa a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar kwafa da canzawa, ai ya riga ya sauke an raba. Gobe wani zai iya share sakin layinsa gaba ɗaya.

Hajiya Mai Fassara: Duk da haka ana faɗa masa, Malam, don zuciya ba ta karanta lasisi.

Malamin Hausa: To na bar miki wannan. Amma ta farkon ina nan a kan bakana, ita miya ƙarewa take yi, shafukan nan kuwa duk wata shida sai an sake zuba wata.

Ɗan Auta: Baba, tunda kullum kana kan Writer, sashen rubutu na LibreOffice, a shago, in ka ga shafin da bai dace da abin da ke kan allo ba, turo mini hotonsa in shigar da shi Bugzilla, inda ake kai rahoton kurakurai.