Adibas na shekara biyu: zalunci ne ko dole ce?

Tela daga unguwar Nima: Salamu alaikum jama'a. Ni maganata ɗaya ce, tsadar ɗaki a Accra masu gida ne suka jawo ta. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar adibas fiye da na wata shida. Amma je ka nemi ɗaki a Mamobi, shekara biyu za a ce ka dire, ga ejan da zai karɓi nasa kafin ma ya nuna maka ƙofa. A gurfanar da masu gida biyar a Rent Control, ofishin gwamnati mai kula da haya, ku ga ikon Allah.

Alhaji mai gida: Wa alaikumus salam. Ɗana, in an kama mu ɗaki nawa zai ƙaru? Da adibas ɗin nan muke gini. Banki ba ya kallon irinmu, in ya kalla ruwan da zai ɗora ya isa ya sa ka sayar da gidan. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Kuɗin wata-wata kafin ka tara su siminti ya gudu ya bar ka. In na karɓa a dunƙule, ranar nan nake sayen bulo da kwano.

Hajiya 'yar Madina ta Accra: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma ka faɗi da bakinka. Ashe ɗan haya ne bankinka, bashi yake ba ka babu ruwa. Shi kuma a ina ya samo? Ƙanwata sai da ta kwashe adashinta, ta ci bashi a kai, ta shiga ɗakin da babu bayan gida, kullum da asuba tana layi a na kuɗi da sulallanta a hannu. Da ta ce a gyara yoyo, mai gidan cewa ya yi kuɗin sun riga sun shiga sabon gini.

Alhaji mai gida: Wannan bai kyauta ba, Hajiya. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Magini daga Ashaiman: Yaya tela, ka kai ƙara ka gani. Kafin a saurare ka mutum goma sun biya shekara biyun suna godiya. Bayan ƙidayar 2021 an kiyasta Ghana na da giɓin gidaje miliyan 1.8. Ga aikin gidajen gwamnati na Saglemi can: bashin dala miliyan 200, aka ce gida 5,000, aka tsaya a wajen 1,500, su ma ciyawa ta yi shekaru tana cin su. Mu kuwa da ke aza bulo mun san inda ginin ke tafiya, unguwannin masu kuɗi, Cantonments da Airport, haya da dala. Talaka ya sayi fili a bakin gari, ya tarar an sayar wa mutum uku, ga 'yan daban fili suna jiran kuɗin tona tushe, duk da dokar filaye ta 2020 ta haramta su.

Malama daga Kasoa: Ni na bi araha na fito daga cikin Accra. Yanzu abin da na rage a haya motar haya, trotro, ke cinyewa, ga cunkoson mahaɗar Mallam safe da yamma. Me zai hana a ɗaga gidajen Nima sama? Tsakiyar gari guda, yawanci gidajen ƙasa.

Alhaji mai gida: 'Yata, gida ɗaya magada ashirin, wa zai sa hannu? Kuma tun da aka taso da zancen sake gina Nima a 2019 mutane ke tambaya, in an rushe an ɗaga, mu za mu koma ciki ko masu dala?

Tela daga Nima: Duk na ji, Baba. Amma dokar tana nan ba a soke ta ba. Adibas ɗina zai ƙare bayan babbar salla. In na zo maka da na wata shida, za ka karɓa?

Alhaji mai gida: Ka zo mu zauna tukuna.

Hajiya 'yar Madina: Alhaji, e ko a'a aka tambaye ka.