Ƴan turwaziyam ne amma ba su iya karatu ba: in maida su baya ko in kai su brebe?

Mushen Ader, Tawa

Assalamu alaikum malamai ƴan'uwa. Shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka taɓa riƙe makaranta.

Bana wata ƙungiyar ƴan unguwa a nan Tawa ta ɗora min shugabancin ƙaramar makarantar da ta buɗe domin yaran da aka kora daga kwaleji ko suka fita da kansu. Azuzuwa uku ne da rumfar zana guda. Yaran daga ɗan shekara 14 zuwa 19: akwai wanda ya maimaita sizyam, ajin farko na kwaleji, har aka sallame shi, akwai wadda aka cire aka yi wa aure auren ya mutu, akwai waɗanda suka je Abijan ko Libiya suka dawo hannu rabbana.

Kwamiti so yake a rubuta manyan duka a jarrabawar brebe ta ƙarshen kwaleji a matsayin kandida libur, wato masu zaman kansu, sakamako ya fito, a sami abin nuna wa masu ba da tallafi. Ni kuma da na zo sai na ɗauko littafin CE2, wato aji huɗu na firamare, na riƙa kiran su ofis ɗai-ɗai ina ba su layi biyar su karanta. Fiye da rabin ƴan turwaziyam, ajin ƙarshe na kwaleji, ba su kai ƙarshe ba. Wani saurayi da ke yi wa mutane lissafin canjin naira da sefa a tasha, da ka, ba ya kuskure ko dala, ya dafa takardar da yatsa yana gumi, can ya ce, "Mushe, idona ke ciwo." Na buɗe kayensa, cike da darussa, rubutu tsaf. Kwafar allo yake yi kamar mai zane, bai san abin da ya rubuta ba.

In na maida irinsu kan harufa, na san kunya za ta kore su. In na bi kwamiti, haddar da ta kada su a kwaleji ita za mu maimaita. Sannan dokarmu ta ce wanda ya yi fashin mako biyu a kore shi, ga shi wasu har yanzu suna gona wajen girbin hatsi. Yaya zan yi?

Tsohon Direkta, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka gani ba na Tawa kaɗai ba ne. Shekarun da aka soke jarrabawar CFEPD ta ƙarshen firamare, yara da yawa sun haye daga CM2, ajin ƙarshe na firamare, zuwa sizyam ba su iya haɗa baƙi ba. A kwaleji kuwa malamin lissafi nasa yake yi ya fita, na tarihi ya shigo, ba wanda aka ɗora wa koyar da karatu. Ƙarshen shekara mwayan, wato matsakaicin maki, ba ta kai 10 bisa 20 ba, a ce yaro daƙiƙi ne.

Kada ka furta kalmar "maida baya" ko sau ɗaya. Kowa ya zauna ajinsa da sunan ajinsa. Amma awar farko ta safe, kafin rana ta yi zafi, ka rushe azuzuwan ka raba su gwargwadon abin da kowa ya iya: masu harufa, masu kalmomi, masu karanta labari. Kowane malami ya riƙe rukuni, har da kai. In direkta da kansa ya zauna da masu harufa, rabin kunyar ta tafi. Duk wata ka sake gwaji, wanda ya ci gaba ya sauya rukuni a gaban kowa.

Kuma ka fara da Hausa. Azuzuwan gada, waɗanda ake kira paserel, haka suke yi da ƙanana: watannin farko da harshen gida, sannan a shiga Faransanci, cikin shekara guda yaro ya koma firamare. Naka sun girme wa wannan tsari, amma dabarar tana aiki. Hausa yadda aka rubuta ta haka ake karanta ta. Ba kamar Faransanci ba, inda o da au da eau duk sauti ɗaya ne. Wanda ya gane cewa baƙi da wasali ke ba da gaɓa, ya riga ya sami mabuɗi. Sai dai kada ka daɗe a nan. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, dikte da redaksiyon na brebe da Faransanci ake yin su.

Littafin CE2 ɗin nan ka ɓoye shi. Saurayi ba zai karanta labarin zomo da kura ba. Ka rubuta musu abin da ya shafe su: kuɗin buhun albasa daga Galmi zuwa Kwanni, rasit na aika kuɗi, saƙon waya, wanda ya kada wani a kokowar takobi.

Batun kwamiti, ba gardama za ka yi da su ba. Ka gayyace su su zauna bayan aji ranar gwaji. Bana ka rubuta waɗanda suka iya karatu kawai, ko da ƙalilan ne. Kuɗin rajistar yaron da ka san zai faɗi, gara ka sayi alli da su.

Madam Uwar Ɗiya, Tawa

Baba Direkta ya gama magana kan karatu. Ni dokar korar ce ta tsaya min. Makarantar korarru kuma tana kora? To ina za su?

Malam, kafin ka rubuta fashi ka aika a tambaya. Ina cikin ƙungiyar iyaye mata ta makarantar unguwarmu, mu muke shiga gidaje, don namiji ba zai tsallake zaure ba. Sau da yawa dalilin bai taka kara ya karya ba: yarinya ba ta da wanda za ta bar wa goyo, ko uwa ta ɗora mata tallar ƙosai har hantsi, ko makaranta ba ta da makewayi mai ƙofa, sai ta zauna gida kwanakin al'ada. Ka nemi mata uku dattawa a unguwa su zama idonka. Ka bar masu goyo su zo da ƴaƴansu, tabarma a inuwa ta isa.

In miji ko uba ya ce ba ta da hurumin komawa, ka tuna masa akwai dokar gwamnati ta Disamban 2017 da ke kare karatun ɗiya mace. Amma kada ka shiga da takarda a hannu. Ka fara da mai unguwa da liman.

Mai Walda, Yamai

Gafarta malamai, ni ba malami ba ne, irin yaran nan ne. A katiryam, aji uku na kwaleji, aka kore ni. Abin da nake tsoro, kada gwajin nan ya zama sabuwar hanyar ware mu: wannan na brebe ne, wancan a tura shi CFM, cibiyar koyon sana'a, ya koyi ɗinki ko kanikanci. Sana'a ba abin raini ba ce, da ita nake ci da iyalina. Amma konkur da yawa na shiga aiki sai da brebe, kuma ni ba wanda ya tambaye ni abin da nake so.

Mushe, ka faɗa wa saurayin nan gaskiya shi kaɗai, ba a gaban aji ba: bana ba ka shirya ba, baɗi muna iya gwadawa. Ya zaɓa da kansa. Kuma ka ba shi allo ya koya wa sauran lissafin canji. Tun da ya shiga lakwal mai yiwuwa ba a taɓa kiran sa gaba don abin da ya iya ba.

Mushen Ader, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba Direkta, rabon rukuni zan fara shi ranar Litinin, sai dai malamaina biyu ƴan kwantiragi ne da ke zuwa da marece, don haka awar karatun ƙarfe huɗu za ta koma. Madam, na kai maganar dokar kora ga shugaban kwamiti; bai yarda a soke ta ba, amma ya amince ba za a kori kowa ba sai an je gidansu. Ɗan'uwa mai walda, shawararka ta allo na ɗauka.

Abin da ya rage min shi ne cin rani. Da an gama ɗaure damma samari za su fara ɗaukar jaka, kuma ba ni da abin da zan ba su da ya kai abin da yayyensu ke aikowa. Wanda ya taɓa riƙe irinsu har watan Yuni ya faɗa min yadda ya yi. Kuma mai littattafan koyon karatun Hausa na yaƙi da jahilci, ko tsofaffi ne, ina so.