Wa ya koya wa duniya bin sawun mai laifi?

Nasiru: Salamu alaikum jama'a. Zan tsokano tsuliyar dodo yau. Binciken laifi irin na zamani, wanda ake bin alama har ta kai ga mai laifi, ƙagaggen labari ne ya haife shi. Sherlock Holmes, ƙagaggen mai binciken laifi, ya fara fitowa a 1887 cikin littafin Arthur Conan Doyle. Tun a babin farko aka tarar da shi a ɗakin gwaji yana murna ya gano yadda za a bambance tabon jini da na tsatsa. Sai a 1910 Edmond Locard ya buɗe wa 'yan sanda ɗakin gwaji na farko a birnin Liyon na Faransa, kuma bai ɓoye cewa ya karanta Holmes ya amfana ba. To wa ya koya wa wani?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Ɗana, a hankali. Ka koma Suratu Yusuf. Da anka tuhumci Annabi Yusuf, wani daga dangin matar ya ce a dubi riga: in ta gaba ta kece, matar na da gaskiya, in ta baya ta kece, shi na da gaskiya. Anka duba, sai ga ta a kece ta baya. Kafin nan ma, da 'yan'uwa sunka kawo riga da jinin ƙarya, masu tafsiri sun ce Annabi Yaƙubu ya lura babu inda haƙori ya taɓa ta. Wanga ba bin alama ba ne? Yaro ɗan makarantar allo a Kanwuri ya san labarin.

Alhaji Garba: Allah shi gafarta Malam, ka gama magana. Ni a Kara nike tun ina saurayi. An taɓa kore wa wani abokin cinikina saniya da dare, munka kira wani tsohon Bafillace. Ya durƙusa ya dubi sawu, ya murza kashin da ɗan yatsa, ya ce ba ta wuce asuba ba, kuma ja anka yi da igiya, ba kora ba, don sawun mutum na gaba kuma ƙafafunta na gaba sun nutse kamar mai turjiya. Ya ce mai jan ta takalmin taya gare shi, ɗaya ya cinye ta gefe. Kafin azahar mun iske ta ɗaure bayan wani gida. Wanga tsoho ko sunanshi ba ya iya rubutawa da boko.

Nasiru: Baba Malam, Alhaji, ban musa ba. Amma lura daban, tsari daban. Ilimin tsohon nan ranar da ya rasu an binne shi tare da shi. Holmes rubuta hanyar aka yi, kowa ya karanta ya kwaikwaya.

Asma'u: Nasiru, ko a rubuce ma an riga shi. A ƙasar Sin, wani jami'in shari'a mai suna Song Ci ya rubuta littafin duba gawa a 1247. A ciki ne labarin kisan da aka yi da lauje: aka tara laujunan ƙauye a rana, ƙudaje suka yanyame ɗaya, mai shi ya amsa. Zanen yatsa kuma ba daga labari ya fito ba. A Ajantina aka fara kama mai kisa da shi a 1892, a Kalkata ta Indiya aka buɗe ofishinsa a 1897, kuma cikin waɗanda suka tsara lissafin har da wani Musulmi, Azizul Haque. Shi kansa Doyle likita ne, ya kuma ce daga malaminsa na Edinbara, Joseph Bell, ya ɗauko halin Holmes, mutumin da kan dubi majinyaci ya faɗi sana'arsa kafin ya buɗe baki. Wato asibiti ne ya ba littafi. Ban da cewa Edgar Allan Poe na Amurka ya riga Doyle da irin wannan labari tun 1841.

Nasiru: Yaya Asma'u, na zaci kina gefena. Ba ke ce ba kya barci sai da littafin Agatha Christie, marubuciyar labaran binciken kisa, ba?

Asma'u: Ina nan da ita, amma don wani dalili. Matar nan ta yi aiki a ɗakin haɗa magani lokacin yaƙin duniya na farko, shi ya sa in ta rubuta guba ba ta yin kame-kame. Ni mai sayar da magani ce, ina ganewa. A 1977 an kai wata jaririya daga Katar asibiti a Landan, likitoci sun rasa gane ciwonta. Wata nas da ke karanta littafin Christie mai suna The Pale Horse ta ga alamomin sun yi kama da na gubar taliyam da ke cikin labarin. Aka gwada, haka ne, yarinya ta rayu. Wannan zan karɓa. Amma a ce littafi ya ƙirƙiro bincike, a'a.

Tukur: Ku bar ni in sa baki, na ci kaki har na yi ritaya. Mu a zamaninmu littattafan laifi na James Hadley Chase muke karantawa, littafi ɗaya ya zaga barikin gaba ɗaya har bango ya cire. Bai taɓa taimaka mini da fayil ko ɗaya ba. Kafin mu isa wurin da abu ya faru, unguwa duka ta shiga ta fita, an share, an wanke jini, wani lokaci har an yi sutura an kai. Ina tokar taba, ina sawu? Abin da ke warware ƙara shi ne wanda ya gani, ko wanda ya ji a majalisa ya zo ya tsegunta, yanzu kuma bin layin waya.

Barista Hadiza: Kawu Tukur ya faɗi gaskiyar aiki. Kuma yadda Poirot, mai bincike a littattafan Christie, ke tara mutane a falo ya yi ta bayani har mai laifi ya rikice ya amsa, a gaban alƙali lauya mai kaifi zai yi kaca-kaca da rabinsa. Ni inda nake ganin tasirin littattafan nan a kan mai karatu ne. Wanda ya karanta goma ya saba da abu ɗaya: wanda kowa ya fara zargi, galibi ba shi ba ne. Mu kuwa sarƙar gwal ta ɓace a gida, kafin a ɗaga katifa an kama 'yar aiki. In ta musa a tafi wurin mai duba, ya ce baƙa ce doguwa, shi ke nan an yanke hukunci. A kasuwa kuma ihun ɓarawo ɗaya ya isa a kashe mutum.

Malam Bello: 'Yata, wannan ma ba sai Bature ya gaya muna ba. Hujja na kan mai ƙara, rantsuwa na kan wanda ya musa. Hadisi ne, kuma da shi alƙalanmu ke aiki tun zamanin Shehu.

Barista Hadiza: Haka ne Baba, mun haddace shi. Sai dai ranar da abin ya faɗo gidanmu ba ma tuna shi. Labari yana sa ka zargi mutum shafi ɗari biyu, sannan ka ji kunya a shafin ƙarshe. Wannan kunyar tana zama a jiki.

Nasiru: Kun dai dawo kan maganata ta bayan gida. To in mun riga kowa, ina namu Holmes ɗin? A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya fito da nasa mai binciken, Bwana Msa, cikin Suwahili tun 1960, har yau ana karanta shi. Mu kasuwar littafinmu soyayya ta cinye.

Tukur: Da wuya ne. Labarinsu a kan gawa yake tsayawa, likita ya yanka ya duba. Nan wa zai bari gawar ɗan'uwansa ta kwana?

Alhaji Garba: Dole sai da gawa? A rubuta na satar shanu. Daga Kara zuwa Illela akwai labarin da ya fi littafi goma.

Asma'u: Kuma kada a sa ɗan sanda. Dillaliya za a sa. Tana shiga kowane gida ba mai tambayarta, ta san wadda ta sayar da 'yan kunne a ɓoye da wadda ta sayi leshi ba ta da sana'a. Miss Marple ta littattafan Christie ma ai tsohuwar ƙauye ce mai saƙa da sauraron gulma.

Tukur: Dillaliya? Ai rabin kayan satar da na taɓa ganowa a cikin ƙunshinta na same su.

Asma'u: To ka ga ta san hanya ke nan, Kawu.